Fijon Mahaifinmu Na Neman Raba Kan Gida

Assalamu alaikum Baba. Ɗiyarka ce daga Tahoua, malamar makaranta. Mahaifinmu ya rasu wata takwas da suka wuce. Ya bar Innarmu da mu biyar, maza biyu mata uku, autarmu shekararta 14. Iyayensa sun riga shi tafiya tun da daɗewa. An raba gona da dabbobi babu wanda ya ji kanmu. Abin da ya rage ita ce tsohuwar motarsa, Fijo 404 fara mai ƙofa huɗu, wadda ya saya hannun wani Bature a 1981 bayan ya dawo daga bida a Abijan. Shekara 12 ke nan tana ƙarƙashin rumfar kwano ba a tayar da ita ba.

Wani dillali ya taya jika 300, wato sefa dubu 300, ya ce ƙarfe kawai zai saya. Ƙanena da ke Abijan ya aiko da hoton wata 404 da ya gani a intanet an sa mata euro 45,000, ya ce ana so a cuce mu. Ya sa hoton tamu a Facebook, sai wani da ya ce daga Beljiyam yake ya yi tayin miliyan 12 bai ko gan ta ba, amma wai mu fara tura wa wakilinsa jika 250 na takardu. Yayana kuma so yake a kai ta garaji a yi mata fenti a sa sabon inji kafin a sayar. Baffanmu ya ce mahaifinmu ya taɓa cewa ya ba shi ita. Inna ba ta ce komai ba, amma kullum da safe ita ke share ƙarƙashin motar, wani lokaci in tarar tana hawaye. Yanzu ƙanena da yayana ba sa magana. Baba, nawa ne kuɗin motar nan na gaskiya, kuma yaya za mu yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa kabarinsa ya zama dausayi, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada wani cikinku ya tura wa mutumin Beljiyam ɗin nan ko dala. Mai sayen tsohuwar mota na gaskiya tambayoyi yake yi har ya gajiyar da mutum: lambar shasi, hoton ƙarƙashin mota, hoton cikin kapo, takardu, shekarar da ta tsaya. Wanda ya ambaci miliyan 12 a kan hoto guda, sannan ya ce mai kaya ne zai fara biya, jikar nan 250 ita ce cinikinsa gaba ɗaya. In kun tura zai ce duwan, wato kwastan, ta ƙara wani abu, gobe ya ce kuɗin inshora, har ranar da lambarsa za ta daina shiga. Wasu kuma hoton takardar banki suke turowa wai sun biya har da ƙari bisa kuskure, a mayar musu da rarar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki ce wa ƙanenki ya sauke hoton daga Facebook yau, musamman in lambar motar ko ƙofar gidanku ta fito a ciki, don ɓarayin fitilu da bamba ma suna kallon hotuna.

Amma kada ku yi wa ƙanen naki dariya ko faɗa. Abin da ya gani akwai shi, sai dai ina da yaƙinin ba irin motarku ya gani ba. Ki sake duba hoton da kyau, ki ƙirga ƙofofin. Kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fito da 404 a 1960, ya ci gaba da ƙera mai ƙofa huɗu a Faransa har 1975, a Kenya kuwa an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991. Duka-duka an yi sama da miliyan 2.8. A cikin wannan tarin akwai iri biyu masu ƙofa biyu, ɗaya mai rufin ƙarfe, ɗaya mai rufin tanti da ake naɗewa, waɗanda kamfanin Pininfarina ya ƙera jikinsu a Turin ta Italiya. Su biyun a haɗe ba su kai 20,000 ba. Su ne masu tara motoci a Turai ke zuba wa dubban euro goma-goma. Mai ƙofa huɗu irin taku ita ce ta kowa da kowa, ta ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai taksi, kuma har yanzu akwai su da yawa a ƙauyukan Faransa, kusa da mai saye, da takardunsu a hannu. Sannan kuɗin da aka rubuta a talla buri ne na mai kaya. Tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka sallama, ke ma kin san akwai tafiya, ko a kasuwar Lahadi ta Tahoua.

Euro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka 45,000 ɗin nan sun kusa miliyan 30. Na gane yadda wannan adadi zai hana saurayin da ke wahalar bida barci, ya riƙa ganin yayansa kamar mai shirin sayar da zinariya a farashin tagulla. Ki nuna masa bambancin motocin a natse. Rabin faɗan nan zai mutu daga nan.

Shi ma dillalin bai faɗi gaskiya duka ba. Wanda zai sayi ƙarfe a kilo ba ya zuwa har gida ya taya jika 300. Ya ga wani abu. Motar da ta yi shekarunta a Adar, yankinku na Tahoua, tana da wata daraja da ƴar'uwarta ta Turai ba ta da ita. Can gishiri suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, shi ke cinye ƙasan mota, kuma babban ciwon 404 tsatsa ne. Mu nan rana ce ke fasa roba da kujeru da dashbod, amma ƙarfe yakan tsira. Jikin 404 lafiyayye da bai ruɓe ba abu ne da ake nema. Ga kuma ƙananan abubuwa: bamba mai ƙyalli, fitilun gaba da na baya, ragar gaba mai tambarin zaki, sitiyari, agogon gudu, marufan taya, gilasai. Wanda ya san inda zai kai su ɗaya-ɗaya zai fitar da kuɗinsa ya ci riba kafin ya taɓa gangar jikin.

Ke nan motarku farashi uku gare ta, gwargwadon wanda ke tsaye a gabanta. Mai narka ƙarfe yana da nasa, wanda shi ne ƙasa. Bakanike ko mai neman kayan gyara yana da nasa. Mai sha'awar tsohuwar mota don ita kanta yana da nasa, kuma shi ne sama. Aikinku shi ne ku kai ta gaban na ukun ba tare da kun kashe kuɗin da ya fi abin da zai ƙara muku ba. Ba zan yanke miki adadi daga nan ba, don mota sai an durƙusa an leƙa ƙarƙashinta. Abin da zan iya ce miki da gaba gaɗi shi ne ku cire miliyan 30 da miliyan 12 daga zuciya, kuma kada ku sallama a tayin farko.

Yanzu maganar yayanki, wadda ita ce ta fi damuna, don niyyarsa kyakkyawa ce amma ita ce za ta fi yi muku ɓarna. Mu a nan mun saba in za a sayar da mota a wanke ta, a shafe ta da mastik mai cike lotsawar jikin mota, a fesa fenti, a ɗinka wa kujeru sabuwar leda. Ga motar haya wannan daidai ne. Ga tsohuwar mota irin wannan kuwa asara ce biyu, kuɗin gyaran ya tafi, darajar ma ta ragu. Mai sha'awa yana son fentin asali ko da ya koɗe, saboda a ƙarƙashin fentin asali babu abin da aka ɓoye. Da ya ga sabon fenti sai ya fito da maganaɗisu yana mannawa a jikin ƙofa, inda bai kama ba ya san mastik ne, daga nan ya fara rage kuɗi. Injin kuwa, in har na asali ne mai 1,618 cc da ta fito da shi, shi ne rabin mutuncinta. Fijo da yawa a ƙasar nan an cire musu nasu an dasa na 504 ko wani na gazuwal. In taku ta tsira daga wannan, ku bar ta yadda take.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Wani ɗan'uwana ya gaji tsohuwar Land Rover, ya kai ta wani garaji don a farfaɗo da ita. Aka kwance ta, kuɗi suka ƙare a tsakiyar aiki, ta zauna damina biyu a filin Allah. Ranar da ya je ɗaukarta babu karbireta, babu fitilu, ƙofa ɗaya ma tana jikin motar wani. Har yau in aka ambaci motar nan sai ya tashi daga wurin. Motar magada ba ta kwana a garaji. Bakanike ya zo gida ya duba ta a gabanku.

Kuma kada kowa ya ɗauko batir ya ce bari a gwada ko za ta tashi. Esansin da ya shekara 12 a tanki ya zama danƙo. Man inji ya sauka ƙasa ya bar sama a bushe, ƙila fistan sun manne. Ɓeraye sun ci wayoyi, wuta na iya kamawa. Birki kuwa a ɗauka babu shi. Wanda ya san aiki zai cire buji, ya zuba ɗan mai a kowane rami, ya bar shi kwana biyu ko uku, sannan ya juya injin da hannu a hankali. In ya juya, albishir ne, kuma wannan kaɗai ya isa a faɗa wa mai saye. Sauran aikin nasa ne. Ku dai ku share ƙura da tsumma mai laushi, ku ɗaga shimfiɗar ƙasa a ga ko ruwan damina ko fitsarin awaki ya ci ƙarfen, a leƙa cikin but, da ƙasan ƙofofi, da inda ƙafafun gaba suka haɗu da jiki a cikin kapo. Nan ne 404 ke fara ruɓewa.

Ku nemi bakanike biyu dattawa, irin waɗanda suka koyi aiki a kan Fijo tun suna yara. Har yanzu akwai su a Tahoua da Ƙonni. Kowa ya zo ranarsa daban, a biya shi ladan dubawa, a gaya masa tun farko ba za a sayar masa ba, kuma ba za a sayar ta hanyarsa ba. Mai ƙimanta kaya in yana da niyyar saye, bakinsa ƙasa yake ja. Ki zauna da takarda ki rubuta abin da kowannensu ya faɗa, ki tura wa ƙanenki ta WhatsApp a ranar, don kada ya ce an yi a bayan idonsa.

Sai takardu, kuma a nan kuɗi ke ƙaruwa ko ya zube. Ki binciki akwatin mahaifinku. Ana neman kart giriz, wato takardar rajistar motar, da takardar duwan ta lokacin da aka shigo da motar, da takardar cinikin da Baturen ya sa wa hannu in tana nan, da duk wani tsohon rasit ko hoto. A ɗaga kapo a karanta lambar da ke kan ƴar farantin kamfani da wadda aka buga a jikin ƙarfe, a gwada da ta kart giriz harafi da harafi. In sun dace, kun huta. In ba su dace ba, ku faɗa wa mai saye da bakinku kafin ya gano, don Manzon Allah (SAW) ya hana ɓoye aibin kaya, kuma albarkar ciniki tana tare da bayyanawa. Da wannan lambar ana iya rubuta wa gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux a nemi shaidar shekarar da aka ƙera ta, ana biyan wani abu. Kada ku dogara da agogon kilomita, gida biyar gare shi, da ya kai 99,999 yake komawa sifiri.

Labarin Baturen nan ma kada ki raina shi. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsofaffin Fijo su keto Sahara ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka, su bi Arlit da Agadas, su sayar a Tahoua ko Yamai su koma gida da jirgi. Ina yaro muna bin su da gudu muna kallon jarkokin da suka ɗaure a kan rufi. Sun zaɓi Fijo ne don sun san nan ba ta kwantai, mota ce da ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, kuma kowane bakanike na gefen hanya ya san cikinta. Motar da ta keto hamada, ta zauna hannun mutum ɗaya sama da shekara 40, da hotuna da takardu masu shaida, tana da abin da mai sha'awa ke ƙara kuɗi a kai.

Duk da haka ina ganin mai sayenku yana cikin ƙasar nan ko maƙwabta. Daga Tahoua zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, kuma a kan babbar mota za a ɗora ta. Daga nan sai tashar jirgin ruwa, ga shi tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Kotonu ta rikice, kaya sun koma bin ta Burkina zuwa Lome. A ƙara kuɗin kwantena da na duwan da na masu fitar da kaya. Duk Baturen da zai saya sai ya cire wannan daga abin da zai ba ku, kuma ga mai ƙofa huɗu sau da yawa abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. A Yamai kuwa akwai manyan mutane masu son irin motar da iyayensu suka hau, akwai masu otal da gidajen abinci da ke ajiye irinta don ado, akwai masu shirya fim da bukukuwa. Ku ɗauki hotuna kamar 30 da safe kafin rana ta yi zafi, har da wuraren da suka lalace, ku ba mutum biyu ko uku amintattu su nuna. Ku ba abin wata biyu ko uku. In dillali zai shiga, a yanke la'adarsa tun farko, kuma ku zauna da mai saye ido da ido ku ji farashin da kunnenku. Kuɗi su shiga hannu ko asusu a tabbatar, a yi takardar sayarwa a buga mata hatimin hukuma, sannan mota ta fita ƙofa. Ban yarda da abans da alkawarin ciko bayan salla ba.

Sai dai kafin duk wannan, ɗiyata, wa ke da ikon sayarwa? A yau babu ko ɗayanku shi kaɗai. Sunan mamaci ne a kan kart giriz. Kuna buƙatar takardar zaman iyali da ta shaidar magada daga kotu, da sunan wanda kuka wakilta ya sa hannu a madadin kowa. In kun yi su lokacin rabon gona, a duba ko an ambaci motar. Ƙanenki ya aiko da wakilcinsa a rubuce.

Rabon ku kuwa Allah ya sauƙaƙa shi. Bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, in an biya bashi an zartar da wasiyya, Inna tana da tumuni, sauran kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A lissafin gidanku kashi takwas ne cif: Inna ɗaya, kowace mace ɗaya, kowane namiji biyu. A ce, don misali kawai, an sallama a miliyan 1.6, to ke jika 200, yayanki jika 400. Ki rubuta wannan ki aika wa su biyun da ba sa magana, kowa ya kalli nasa adadin ya auna shi da ɗan'uwan da suka sha nono ɗaya.

Maganar baffanku ku ɗauke ta da girmamawa, amma a kai ta gaban malamin da ya san gado. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai kyautar yana raye da lafiyarsa. Motar da ba ta taɓa barin rumfar gidanku ba, da wuya a ce an karɓe ta. In kuwa wasiyya ce, tunda ƴaƴa maza sun kange shi daga gado, tana iya inganta a cikin sulusin dukiya, amma sai da shaidu. Kada ku ƙaryata shi a bainar jama'a. Ƙanen mahaifinku ne, ƙila a cikin motar nan aka ɗauko amaryarsa. In hujja ba ta tsaya ba, manyanku kuna iya yi masa ihsani daga rabonku, ko a ba shi damar ya fara saye a farashin da aka ƙimanta. Rabon auta kaɗai ne ba mai ikon yin kyauta da shi ko rangwame a kansa. Marainiya ce, kasonta a fitar da shi cikakke a adana mata da shaida.

Na bar Inna a ƙarshe saboda ita ce ba wanda ya tambaya. Kun tambayi dillali, kun tambayi intanet, kun tambaye ni. Matar da ke share ƙarƙashin motar nan kowace safiya tana faɗin wani abu da tsintsiyarta. A lissafi kashi ɗaya ne nata cikin takwas, amma ita ce ta zauna a kujerar gaba, ƙila a ciki aka kai ta asibiti haihuwar wasunku. Babu dokar da ta ce rabon gado sai an sayar wa bare. In an san ƙimar motar ta gaskiya, wanda ke son a bar ta zai iya biyan sauran kasonsu, a hankali ma in sun yarda. Ku manya huɗu kuna iya bar wa Inna naku, ku haɗa kuɗi ku biya na auta, mota ta zauna inda take muddin ranta yana so. Motar da ta jure shekara 12 a inuwa za ta jure wasu, in an ɗora ta a kan katako don tayoyi su huta, aka toshe wa ɓeraye hanya, aka gyara yoyon rumfa kafin damina. In kuma ƙanenki yana cikin matsi yana buƙatar kasonsa yanzu, haƙƙinsa ne, kada a kunyata shi, a biya shi.

Wata ƙila kuma Inna ta ba ku mamaki ta ce a sayar, ganin motar ne ke tayar mata da ciwo. Ba za ku sani ba sai an tambaye ta. Ke ce mace babba a gidan, ke ya kamata. Ki same ta bayan la'asar, ku biyu kawai, ki ce ta ba ki labarin ranar da mahaifinku ya shigo da motar nan gida a 1981, wa ya fito kallo, ina suka fara zuwa da ita. Ki bar ta ta yi magana har ta gama, sannan ki tambaye ta abin da take so a yi. In kin samo kart giriz ɗin da lambar shasi, da abin da bakanike biyun suka ce, ki sake rubuto mini mu duba tare. Ki gaida Inna, ki ce ina yi mata ta'aziyya.